Ranar da jarumin komik ya juyo ya yi min magana

Mai_Fensir: Salam jama'a. Wata tambaya ce ke cina tun jiya, masu karanta komik na jarumai, wace rana ce kuka fara cin karo da jarumin da ya san cewa shi zane ne a takarda? Ni dai She-Hulk ce, a jerin komik ɗinta da marubuci kuma mai zane John Byrne ya fara a 1989. Tun a bangon fitowa ta farko take kallon mai karatu tana barazanar in bai sayi littafinta ba za ta zo har gida ta yayyaga masa komik ɗinsa na X-Men. Da na shiga ciki kuma sai na tarar tana faɗa da Byrne ɗin kansa kan irin abokan gaban da yake turo mata, akwai ma inda ta yaga shafin ta ratsa ta cikin shafin talla ta fita, wallahi sai da na sa yatsa na shafa wurin don in tabbatar takardar lafiya take.

Baƙon_Dare: Ni kam Deadpool ne, kuma na san yawancinmu ta nan muka shigo. Abin da ya kama ni shi ne waɗannan ƙananan akwatunan rawaya da ake rubuta tunanin jarumi a ciki, shi yana ganin su, yana ma ambaton su. Daga baya na gano cewa a fitowarsa ta farko a komik ɗin New Mutants fitowa ta 98 a 1991 ba haka yake ba, sojan haya ne kawai mai surutu, sai da marubuci Joe Kelly ya karɓe shi a 1997 wannan halin ya fara zama. Hatta sunansa Wade Wilson tsokanar Slade Wilson ne, wani sojan haya a komik ɗin kamfanin DC.

'YarKaratu: Yaya Mai_Fensir ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Ƙanina ne ya turo min Squirrel Girl ta Ryan North da Erica Henderson, ta 2015, na ce masa me zan yi da yarinya mai wutsiyar kurege, ya ce ke dai karanta. A ƙasan shafi akwai wani ɗan mitsitsin rubutu da marubucin ke sa baki a labarin, sai da na kai rabin littafin na lura da shi, dole na koma farko. Kuma yarinyar nan a fitowarta ta farko babban mugun nan Doctor Doom ta kayar da taron kurege! Amma abin da ya zauna min shi ne haɗuwarta da Galactus mai cinye duniyoyi, kowa na jiran a gwabza, ita kuwa zama ta yi suka yi hira ta gane yunwa ce matsalarsa ta nemo masa wata duniyar da ba kowa. Na yi dariya sosai, bayan dariyar kuma na tsaya ina tunanin me ya sa sauran jaruman ba sa fara tambaya kafin su kai naushi.

Baƙon_Dare: Gaskiya ne 'yar'uwa, ita dariyarta ba ta raina kowa.

Dattijon_Shafi: Yara ku bar ni in ɗan saɓa muku. Abin nan in ya yi yawa gundura yake, na karanta wasu Deadpool ɗin da duk shafi sai ya tuna maka komik ne, to in kai ba ka ɗauki labarinka da muhimmanci ba ni don me zan damu in an harbe ka? Wanda ya girgiza ni Animal Man ne na Grant Morrison. Da dare nake karantawa, na juya shafi kawai sai ga fuskar Buddy Baker, wato Animal Man ɗin, ta cika shafin gaba ɗaya, ido a zare, ya waiwayo yana cewa yana gani na. Ban yi dariya ba, rufe littafin na yi. Can gaba aka kashe masa mata da 'ya'ya, a fitowa ta 26 ya je har gaban marubucin yana tambayar dalilin da aka yi masa haka, marubucin ya ba shi labarin kyanwarsa da ta mutu, ya amsa cewa don nishaɗin masu karatu ake azabtar da su, sannan ya mayar masa da iyalinsa. Shekaru ke nan amma har yau in na ga an kashe wani a komik don kawai a tayar da hankali sai na tuno wannan shafin.

Mai_Fensir: Baba wannan ban taɓa karanta shi ba. Daga fitowa ta farko zan fara ko zan iya tsallakawa?

Dattijon_Shafi: Kar ka tsallake ko ɗaya ɗana, 26 ne duka waɗanda Morrison ya rubuta. In ka zo ta 5 ka karanta a hankali.