Me za mu kira "backpacking" da Hausa?

Jama'a, ku taya ni da wannan. Abokai biyu sun sauka a babban birnin wata ƙasa, kowa da jakarsa a baya, babu mai tarbarsu a filin jirgi, babu wanda ya tsara musu inda za su. Suna bin birnin da ƙafa da bas da jirgin ƙasa, suna kwana a inda ya fi araha. Bature ya ce suna backpacking. Mu me za mu ce?

Kusan duk wanda na tambaya yawon buɗe ido yake fara cewa. Ban ƙi ba, don kuwa ya rufe rabin maganar, wato zagaya gari ana kallon gidajen tarihi da fadoji da masallatai. Amma attajirin da ya kama otal mai tauraro biyar a Paris, direba ya kai shi gindin hasumiyar Eiffel ya dawo da shi, shi ma ai buɗe idon yake. Abin da muke nema shi ne sunan yadda ake tafiyar, ba abin da aka je gani ba.

Ga yadda take. Duk abin da mutum ya mallaka a tafiyar yana cikin jaka guda, galibi wadda ba ta wuce a shiga da ita cikin jirgi ba, kuma kamfanonin jirage da yawa kilo 7 suke yarda da shi. Tufafi kala biyu ko uku, a wanke da dare a shanya a jikin gado. Masaukin kuwa ɗaki ne mai gadaje masu hawa biyu, mutum shida ko takwas da ba su san juna ba, kowa da ɗan akwatin ƙarfe da kwaɗonsa. Irin wannan masauki ya samo asali ne daga wani malamin makaranta Bajamushe, Richard Schirrmann, wanda ya buɗe na dindindin na farko a garin Altena a 1912. Ita kuma tafiyar ta yi tashe a shekarun 1960 da 1970, lokacin da samarin Turai suke bin hanyar ƙasa ta Istanbul da Tehran da Kabul har Kathmandu, kafin juyin juya halin Iran da shigar sojan Sobiyet Afganistan a 1979 su toshe hanyar. Har yau akwai titin Khao San a Bangkok da ya yi suna da irin waɗannan matafiya.

A nan ne abokin tafiya yake da rana. Ɗaya ya tsare jakunkuna a tasha, ɗaya ya shiga layin tikiti. A raba kuɗin ɗaki biyu. A Landan su wuni a gidan tarihin Birtaniya ba su biya ko sisi ba, tunda shiga kyauta ne, kuɗin da suka tsira da shi ya zama na kwanan gobe.

To, ga abin da aka kawo zuwa yanzu. Wani ya ce yawon duniya. Ma'anar ta yi kusa, amma don Allah wa zai so a ce 'yarsa ta tafi yawon duniya? Kalmar ta riga ta ɗauko wari. Yawon dandi ma kada a fara. Ci-rani neman kuɗi ake zuwa, wannan kuwa kashewa ake zuwa yi, sai dai da dabara. Tafiyar ƙafa ba ta yi ba, domin mutanen nan suna hawa mota da jirgi. An kuma ce yawon tsimi, wanda ya kama ɓangaren kuɗin sosai, sai dai ya jefar da jakar, kuma yana jin kamar zagi.

Wadda ta fi burge ni a cikin waɗanda aka ƙi ita ce yawon gafaka. Tana da daɗin faɗi, ga tsufa, ga hoton mai tafiya da ɗan abin da ya ishe shi. Amma gafaka ta littafi ce da karatu, a kafaɗa ake rataya ta, kuma yaran yanzu da yawa sai an yi musu bayani. Kalmar da sai an fassara ta ba ta gama aikinta ba.

Ni dai ga inda na tsaya: yawon goya-jaka. Jakar kanta mun riga mun san ta da jakar goyo, ba sabon abu ba ne a bakin mutane. Ginin kalmar kuma irin na ci-rani da dafa-duka da share-fage ne, aikatau a gaba, suna a baya. Ku gwada ta a jimla ku ji: "Ni da abokina mun yi yawon goya-jaka a Alkahira, mun je Azhar da dalar Giza." "Masaukin nan cike yake da 'yan goya-jaka." Namiji ɗan goya-jaka, mace 'yar goya-jaka. Ba ta sarƙe harshe.

An yi mini gyara cewa ɗan makaranta ma yana goya jaka kullum. Gaskiya ne, shi ya sa "yawon" ba zai fita daga ciki ba. Wani kuma ya tuna mana cewa a Amurka kalmar tana nufin shiga daji ko hawa tsauni da tanti a baya. Wannan mai sauƙi ne, sai a ce goya-jaka na daji, na birni kuma a bar shi yadda yake.

Saura masaukin nan mai gadaje da yawa. Otal bai dace da shi ba, ɗakin kwanan ɗalibai kuma ya yi tsawo. Ina da masaukin haɗaka a hannu, amma wanda yake da wadda ta fi ta, bismillah.