"Laifi tudu ne": a bakin wa ta dace?

Tsohon Hedimasta:
Assalamu alaikum. Karin maganar da na kawo yau kowa ya san ta: "Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani." Abin da ya sa na ɗauko ta, na lura duk ranar da asirin wani zaɓaɓɓe ya tonu, ko an gan shi da matar da ba tasa ba, ko wani bidiyo ya fita, ko an gano takardar karatunsa ta bogi ce, kafin gari ya waye sojojin bakansa sun baza ta ko'ina. Wani lokaci ma shi mai laifin ne zai tsaya gaban 'yan jarida ya faɗe ta da bakinsa. Ni dai na shekara talatin da ɗoriya ina koyar da Hausa, ban taɓa karantar da ita a matsayin garkuwa ba. Hoton da ke cikinta a fili yake. Mutum ya hau tudu, tudun yana ƙarƙashin ƙafarsa, don haka ba ya ganin abin da ya taka, sai na nesa. Jan kunne ne ga mai yawan ganin aibin mutane. To, wanda jama'a suka zaɓa ya yi abin kunya, yana da hurumin fakewa da ita? In kuma ya ce a yafe masa, wa ke da yafiyar?

Baban Amira:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni ban ga laifin masu faɗarta ba. Mutum tara yake bai cika goma ba, doki mai ƙafa huɗu ma yana tuntuɓe. Mun zaɓe shi ya gina asibiti ne ko ya ja mu salla? Abin da ya yi a ɗakinsa tsakaninsa ne da iyalinsa da Mahaliccinsa. Ku dubi Bill Clinton, tsohon shugaban Amurka. A 1998 duniya ta ɗauka kan shi da Monica Lewinsky, majalisar wakilan Amurka ta tuhume shi a watan Disamba, majalisar dattawa ta ƙi tsige shi a Fabrairun 1999. Farin jininsa a wurin Amurkawa ma ƙaruwa ya yi a daidai lokacin. Talakawa sun ga aiki yana tafiya, suka ce wa 'yan majalisa kowa ya dubi tudunsa.

Ɗalibar Shari'a:
Baban Amira, ka yi haƙuri, misalinka ya fi ƙarfafa maganar Malam. Ba don neman mata aka tuhumi Clinton ba. Laifi biyu aka ɗora masa: ƙarya bayan ya yi rantsuwa, da yi wa shari'a ƙafar ungulu. A Janairun 1998 ya ɗaga yatsa a talabijin ya musanta, sai a Agusta ya amsa, bayan hujja ta rufe shi. Kuma ba fita ya yi fes ba. Alƙaliya ta ci shi tara saboda raina kotu, aka kuma dakatar da lasisinsa na lauya shekara biyar a jiharsa ta Arkansas. Sannan ba a cika tuna yarinyar ba. Shekararta 22 lokacin da abin ya fara, tana koyon aiki a fadar da shi ne mai gidan. Wannan ba sirrin ɗaki ba ne, ofis ne na jama'a da ma'aikaciyar da ke ƙarƙashinsa.

Ɗan Autan Zaure:
Kowa ya tuba don wuya ba lada. Shi ke nan nawa.

Gwaggo Mai Carbi:
Kai Auta, daɗina da kai gaggawa. Lada na Allah ne, ba kai za ka raba ba. Mutane nawa ne wuya ta koro su ƙofar tuba kuma suka shiryu har ƙarshen rayuwarsu? Ni abin da ke damuna bin diddigin nan ne. Allah Ya hana mu leƙen asirin juna a Suratul Hujurati, aka kuma kwaɗaitar da mu suturta ɗan'uwa. Yanzu kuwa mutum zai ɗana wa wani kyamara, ya ajiye hoton shekara biyu, sai zaɓe ya matso ya sake shi. Wannan ba kishin jama'a ba ne, 'ya'yana. Ga irin wanda aka yi wa karin maganar nan.

Tsohon Hedimasta:
Gwaggo, ranki ya daɗe, kin taɓo inda nake so. Karin magana tana da bakin da ya dace da ita. Wannan ta mutum na uku ce. Dattijo ne zai ga wani yana ta yayata aibin maƙwabcinsa, sai ya ce masa, kai, laifi tudu ne. Ko kuma mutum ya faɗa wa kansa a zuci don ya kama bakinsa. Amma a ce wanda aka kama shi ne zai juyo ya faɗa wa waɗanda suka kama shi? Ai a wannan lokacin shi ne a kan tudun, ya taka nasa yana hango na masu zarginsa. Karin maganar da ya ɗauko don ta kare shi, shi ta fara kamawa.

Baban Amira:
Wannan fashin baƙi ne mai daɗi, Malam, amma siyasa ba aji ba ce. In masu zargin sun fi shi datti fa? Ya yi shiru su cinye shi?

Ɗalibar Shari'a:
Dattin mai zargi ba ya wanke wanda ake zargi, Baba. In ɓarawo ya ba da shaida cewa ya ga wani yana sata, za a binciki shaidarsa da kyau, amma kayan da aka sace ba su koma wurin mai su ba don kawai shaidan ɓarawo ne. Ni inda na yarda da Gwaggo shi ne ba kowane abin da aka kira abin fallasa ne laifi ba. A 2022 an saki bidiyon Sanna Marin, firaministar Finland a lokacin, tana rawa da ƙawayenta a wani gida. Aka yi ta surutu har ta je aka yi mata gwajin ƙwaya, ba a sami komai ba. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta taɓa kuɗin kowa ba a wannan lamarin. Amma ku kwatanta da Matt Hancock, ministan lafiya na Birtaniya a lokacin korona. A Yunin 2021 jarida ta buga hotonsa yana rungume da mataimakiyarsa a cikin ofis, alhali dokar ba da tazara ta korona, wadda shi yake fitowa kullum yana jaddadawa, ta hana mutane rungumar iyayensu. Ya nemi afuwa, firaministan lokacin, Boris Johnson, ya ce ya karɓa, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, washegari Hancock ya yi murabus. Abin da ya tunzura mutane ba cin amanar matarsa ba ne, wannan nata ne. Kura ce mai maganin zawo ba ta yi wa kanta ba.

Mai Shayin Dare:
Ni ban san Turawan nan ba, bari in ba ku wanda na gani da idona. Muna da ƙungiya ta masu sana'a, muka zaɓi ma'aji da ƙuri'a, mutum mai fara'a, kowa nasa. Sai aka gano yana da wata a ɓoye, har da haya ya kama mata. Da maganar ta fito a taro, ya miƙe ya cire hula, ya riƙe ta a ƙirji da hannu biyu, hawaye har gemu. Ya ce shaiɗan ne, ya ce laifi tudu ne, wanda bai taɓa kuskure ba ya ɗaga hannu. Wallahi ba wanda ya ɗaga, ni ma na sunkuyar da kai. Muka ce mun yafe. Wani tsoho a bayan ɗaki, wanda ba ya cika magana, ya ce shi ma ya yafe, amma a kawo littafin kuɗi a duba. Aka yi masa ca, wai ba shi da tausayi. Bayan wata huɗu aka duba littafin dole, don wani memba ya yi haɗari an rasa abin kai shi asibiti. Hayar ɗakin nan daga asusunmu take fita. Har yau in na tuna yadda muka hayayyaƙo wa tsohon nan sai in ji kunya.

Gwaggo Mai Carbi:
Allah Sarki. To ai tsohon nan shi ya san addini. Malamai sun ce tuba tana da sharuɗɗa: nadama, da daina laifin, da ƙudurin ba za a koma ba. In kuma akwai haƙƙin wani, sai an mayar masa ko ya yafe da kansa. Ni ban ce a bar wa kura ajiyar nama ba don ta yi kuka. Cewa na yi kada a bi mutum har makwancinsa.

Tsohon Hedimasta:
Yauwa. Ina ganin a nan muke cakuɗa abu biyu, kuma masu mulki sun fi kowa son a cakuɗa su. Yafiya daban, mayar da amana daban. Matarsa tana iya yafewa, nata ne. Ni ma ina iya yafe masa in daina zaginsa, in gaishe shi a hanya, in je jana'izarsa. Amma kujera ba tawa ba ce ni kaɗai balle in yi kyauta da ita. Akwai wani Bature da nake yawan ba ɗalibai labarinsa, John Profumo, ministan yaƙi na Birtaniya. Ya yi hulɗa da wata yarinya, Christine Keeler, wadda kuma take tare da wani jami'in sojan ruwa na ofishin jakadancin Tarayyar Sobiyet, ana tsakiyar yaƙin cacar baka. A Maris 1963 ya tsaya a majalisa ya ce babu komai tsakaninsu. A Yuni ya amsa cewa ƙarya ya yi, ya ajiye minista, ya ajiye kujerar majalisa. Abin da ya biyo baya shi ne darasin. Bai kira taron 'yan jarida ba, bai rubuta littafin wanke kai ba. Ya tafi wata cibiyar taimakon talakawa a gabashin Landan, Toynbee Hall, ya fara da wanke kwanuka, ya koma nema musu tallafi, ya yi shekara arba'in da ɗoriya a haka har ya rasu a 2006. A 1975 Sarauniya ta ba shi lambar girmamawa saboda wannan aikin. Matarsa ba ta rabu da shi ba. Mutuncinsa ya dawo, amma bai sake neman ƙuri'ar kowa ba.

Ɗan Autan Zaure:
Malam, irin wannan ɗaya ne cikin dubu. Saura tuban muzuru ne. Anthony Weiner fa? Ya sauka daga majalisar wakilan Amurka a 2011 saboda tura wa mata hotunan batsa, ya yi ta ba da haƙuri, ya dawo takarar magajin garin New York a 2013, ana cikin kamfe aka gano bai daina ba. A 2017 kotu ta ɗaure shi wata 21, wannan karon yarinya 'yar shekara 15 ce. Hali zanen dutse.

Baban Amira:
Auta, in hali zanen dutse ne ga kowa, to a rufe ƙofar wa'azi. Kuma ku faɗa mini, har yaushe mutum zai yi ta biya? Salisu Buhari ya zama kakakin majalisar wakilan Najeriya a 1999, mujallar TheNews ta tona cewa digirin Jami'ar Toronto da ya ce yana da shi na ƙarya ne, kuma ya ƙara wa kansa shekaru. Ya sauka yana kuka, ya roƙi gafarar ƙasa, kotu ta same shi da laifi, daga baya Obasanjo ya yi masa afuwa. Ya amsa, ya sauka, an hukunta shi. Amma har gobe in aka ce Toronto sai a yi dariya. Wannan adalci ne?

Ɗalibar Shari'a:
Tambayarka tana da nauyi, Baba, ba zan yi maka musu a kan dariyar ba. Sai dai afuwar shugaban ƙasa hukuncin kotu take ɗagewa, ba ta goge abin da mutane suka sani. Kuma ka lura, shi ma sai da ya fara musantawa ya yi barazanar kai mujallar kotu kafin ya amsa. Kusan duk waɗanda muka ambata haka suka yi, har Profumon Malam. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kowa sai ya gwada shigarsa tukuna. Ni shi ya sa in zan auna tuban ɗan siyasa, ba hawayen nake kallo ba. Ina duba yaushe ya amsa, kafin hujja ko bayanta, da kuma abin da ya rasa da son ransa. In bai rasa komai ba, kujera tana nan, jiniya tana nan, to haƙurin da ya bayar kyauta ya same shi.

Mai Shayin Dare:
Ma'ajinmu dai ya biya rabin kuɗin, muna gaisawa lafiya lau. Bana ya ce zai sake tsayawa.

Gwaggo Mai Carbi:
To kai za ka ba shi?

Mai Shayin Dare:
Gwaggo, na yafe masa tun tuni. Tsohon nan muka roƙa ya tsaya, ya ce idonsa ba ya ganin lissafi yanzu. Muna dai neman wani.

Baban Amira:
Ni har yanzu ban sauka daga kan batun ɗaki ba, Malam. In babu ƙarya a gaban jama'a, babu kuɗinsu, babu ma'aikaciyarsa a ciki, ina nan a kan bakana, ba ruwan mai ƙuri'a. Gobe in Allah Ya kai mu zan kawo "babba juji ne", in ji yadda za ku yi da ita.

Tsohon Hedimasta:
Kawo ta, Baban Amira. Amma ka zo da shiri, don ita ma ina da ƙorafi a kan masu faɗarta.