Dan Allah ku bani shawara: in zauna Njamena ko in kama daki a Kusiri?

Dan Garwa mai dinki:
Slm yan uwa, barkanmu da warhaka. Ni tela ne dan Garwa, tun bara nake aiki a Njamena a shagon wani bawan Allah wajen Dembe, dinkin shadda da surfani muke yi, kuma Alhamdulillah abinda nake samu yafi na gida nesa ba kusa ba don mutanen nan suna sa kaya. Amma wlh zaman ya fara isa ta. A shago nake kwana, Larabcinsu bana ji sai kadan kadan, in an zauna shan shayi ana dariya ni sai dai in bi su da ido, Fulatancin da nake takama dashi a gida kuwa nan bai cika amfani ba, faransancina kuma na firamare ne. Ga takardu, da kartidantite ta Kamaru, wato katin shaidar dan kasa, na shigo kuma ta kusa mutuwa, duk sanda naga masu kaki a hanya sai gabana ya fadi. Iyalina na Garwa da yara biyu, babbar an sa ta makaranta, jiya uwar take ce min karamin ya daina tambayata, abin ya tsaya min a rai har yanzu. To shine nake tunanin dauko su, amma na rasa wanne zanyi, in nemi karta sejur, wato takardar izinin zama, in kama daki nan Njamena ko in ajiye su a Kusiri da ke gefen Kamaru in dinga tsallake gadar Ngeli da ke kan iyaka kullum kamar yadda naga wasu nayi? Wanda ya san kan abin dan Allah ya taimaka.

Mai gyaran waya, Kusiri:
Wslm dan uwa. Ni abinda nake yi kenan, kwana Kusiri wuni Njamena. Haya da kayan miya sun fi sauki a gefenmu, kudi kuma daya ne sefa ba ruwanka da canji, kuma iyalinka na cikin kasarsu ba wanda zai tambaye su takarda. Ka zo kawai.

Baba tela, Njamena:
Yaro ka saurare ni, na dade a garin nan fiye da shekarunka na aure. Mai gyaran waya ya fadi gaskiyarsa amma sana'arku ba daya bace. Shi in yamma tayi sai ya rufe akwatinsa ya hau klando, wato acaba, kai kuwa tela ne. Gadar nan ba a bude take kwana ba, akwai lokacin da ake rufewa, to ka fada min in azumi ya raba tsakiya, shadda ta taru har rufi, wuta bata zo ba sai cikin dare, wane maigida ne zai barka ka tashi da la'asar don kar a rufe maka gada? Karshenta shagon zaka koma kwana, ita kuma ka barta a Kusiri ba kai ba danginta, gara ma Garwa da take ganin uwarta. Sannan ka tuna 2020 lokacin korona da aka rufe iyaka, mutane nawa ne abincinsu ke wannan gefe su suna wancan, muna ji muna gani suka cinye jarinsu. Iyakar kasa ba a dora mata cin yau da gobe in da hali.

Maganar takarda kuma kar ka yi wasa. Tun 2017 kasashen CEMAC shida, wato Kamaru, Cadi, Gabon, Kwango, Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini, suka amince dan wata ya shiga wata ba biza, amma na kwana 90 ne, ziyara kenan. Wanda ya zauna yana aiki hukuncinsa daban, karta sejur ake nema. Mutanenmu da yawa nan suke rudewa suna cewa ai CEMAC ce. Ka fara sabunta kartidantitenka kafin ta mutu, ka je ambasad din Kamaru da ke nan Njamena kayi karta konsuler, wato katin rajistar yan kasa mazauna waje, daga nan ka bi ta sejur din da kafarka, kar ka ba wani dan tsakiya kudi yace zai kawo maka har shago.

Mai gyaran waya, Kusiri:
Baba gaskiya ne ban yi tunanin aikin dare ba. Amma dai tsadar haya a Njamena ba wasa bace, masu gida kuma sai sun nemi kudin watanni a gaba.

Hajiya yar Marwa:
Kanina duk naji maza na ta lissafin gada da takarda, ba wanda yace ka tambayi matarka. Ita me take so? Ni haka aka kawo ni garin nan daga Marwa ina amarya, maigidan ya fita tun asuba sai dare, makwabta duk Larabci, na sha kuka a daki ba kadan ba, ko gishiri ya kare bana iya zuwa saya. Abinda ya cece ni wata dattijuwa ce bahaushiya a layinmu da ta dinga ja na kasuwa tana nuna min yadda ake ciniki. Don haka in zaka kawo ta, unguwa zaka fara dubawa kafin daki, inda akwai Hausawa ko Barebari ko Fulani da zata bude baki ta gaisa dasu, suna nan da yawa, ka tambaya a masallacin da kake sallah za a nuna maka. In tana sa nikabi ka sanar da ita tun tana gida cewa an hana rufe fuska a Cadi tun 2015 bayan hare haren bam din nan, hijabi da lafaya kuwa ba mai ce mata komai. Kuma dan Allah kar arha ta rude ka ka kama daki a inda ruwa ke ci, a 2022 da kogin Shari da na Logon suka cika, a unguwar Walia mutane a kwalekwale suka fitar da kayansu, Kusirin ma bata tsira ba. Ka dubi jikin bango da kyau, in ruwa ya taba shiga zaka ga shaidarsa ko an shafa fenti. Batun yaron da ya daina tambayarka kuwa, kar ka dauke shi karamin abu, ka dinga kiran bidiyo kullum ko na minti biyu ne kafin Allah ya hada ku.

Malamin makaranta, Marwa:
Ni ta bangaren yarinyar zan yi magana. Kar ka cire ta ana tsakiyar shekara, ka bari ayi babban hutu. Cadi faransanci da Larabci ne harsunan gwamnati, mu kuma faransanci da Ingilishi, to tsarin ba daya bane sak, amma tunda karama ce zata dauka da wuri, kila ma ita zata koya maka Larabcin. Ka taho da takardar haihuwarta da bultin din makaranta, wato takardar sakamakonta, da katin rigakafin yaran duka biyu.

Direba, layin Ngawundare:
In zaka dauko su kar ka yi cikin damina, hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri mu da muke binta mun san wahalarta, kuma ba a tafiyar dare wajen Waza. Yanzu akwai sabuwar gadar Yagwa da Bongor da aka bude a 2025, wasu ta can suke bi, ka tambayi direbobi a tasha ranar da zaka tashi wacce tafi lafiya.

Baba tela, Njamena:
Na manta abu daya, kuma shine yafi damuna a maganarka. Shekara guda kana zaune ana shan shayi kana kallo? Haba yaro. Bako makahon gari ne, amma wanda ya ki tambaya shi ya so. Larabcin Cadi ba na littafi bane, a bakin shago ake koyonsa, kuma kai da ka yi allo rabin kalmomin ka san su. Ka fara da gaisuwa da kudi, in ance afe kace afe, in zaka tambayi farashi kace bekam, ka rike cewa riyal daya sefa 5 ne, in mai kaya tace miya to 500 take nufi ba 100 ba. Kayi kuskure suyi dariya, gobe su gyara maka, mutanen nan in suka ga kana kokarin yarensu sai su rike ka kamar dan gida, ni da aka yi min rasuwa su suka cika kofar gidana kwana uku. Kuma ranar da ka iya magana da masu kawo dinki da kanka, ranar ce zaka fara tunanin bude naka shagon.

Dan Garwa mai dinki:
Allah ya saka da alheri, ngd sosai. Hajiya, na kira matar tawa dazu na karanta mata duk abinda kuka rubuta, tace ita in dai inda nake kwana ne ko ina ne zata zauna, sai dai a bari yarinya ta gama shekara kamar yadda Malam yace. Don haka zan roki maigida ya bani hutu bayan sallah inje gida in sabunta kartidantite, in na dawo in bi sauran. Baba dan Allah in ba damuwa zan turo maka sako ta gefe, ina so in zo in gaishe ka ranar Juma'a bayan masallaci, ka nuna min unguwannin da ya kamata in fara neman daki.

Baba tela, Njamena:
Ka zo, ina shago har magariba. Ka taho da duk takardun da ke hannunka mu duba tare.