Abin da aka ce kan bindigar harbin tsuntsu mai baki biyu sama da ƙasa

Jama'a maganar wace iri ya kamata mutum ya saya ta yi tsawo, ga abin da na tattaro ga mai ƙaramin ƙarfi:

1. Kusan kowa ya yarda a fara ɗora ta a kafaɗa kafin a biya, in gindin bai zauna maka ba ko nawa ka kashe kuskure za ka yi ta yi.

2. Nan aka rabu. Wasu sun ce a sayi sabuwa ƙirar Turkiyya kamar CZ ko Yildiz, wasu kuma sun dage gara gwanjon Browning Citori ko Beretta 686 don sun fi ƙarko, amma fa a duba mahaɗin da take karyewa kada ya zama yana rawa. Ni dai na fi karkata ga gwanjon.

3. Geji 12 (geji shi ne ma'aunin faɗin bakin bindiga) harsashinta ya fi samuwa, geji 20 ta fi sauƙin ɗauka ga mai yawon fakara duk yini sai dai marar nauyi ta fi dukan kafaɗa.

4. Tsawon baki inci 26 ko 28, ba a ja ba.

5. Masu harbin agwagwa a Amurka sun tuna tun 1991 aka hana harsashin dalma, a tabbatar bakin na ɗaukar na ƙarfe.

Lasisi kuwa kafin komai.