Shin farin fenti a kan kwano yana rage zafin ɗaki?

Mai tambaya, Garwa:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gini. Gidanmu na bulo ne da rufin kwano, babu silin, kuma daga watan Maris zuwa Afrilu zafi yakan haura digiri 40 da rana. Mahaifiyata ta manyanta, ba ta son kwanan tsakar gida saboda sauro, amma idan ta shiga ɗaki bayan isha'i sai ta tarar bango yana huci kamar murhun da aka sauke wa tukunya. Fanka ba abin dogaro ba ce, domin lokacin ne ruwan madatsar Lagdo, mai ba mu lantarki a nan arewacin Kamaru, ke ja baya, wuta ta riƙa ɗaukewa. An ce in shafa wa kwanon farin fenti. Yana aiki kuwa, ko asarar kuɗi ce?

Malamin kimiyya, Marwa:
Wa alaikumus salam. Yana aiki, Malam. Farin abu yana mayar da mafi yawan hasken rana sama, alhali kwanon da ya yi tsatsa shanye hasken yake yi, ya zama zafi, ya sauke shi a kan na ƙasa. A birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin 2010 ya hallaka mutane fiye da dubu, hukuma ta fito da shirin yaƙi da zafi a 2013, daga baya aka shiga shafe rufin gidajen talakawa da fari, kuma an samu sauƙin digiri 2 zuwa 5 a cikin ɗakuna. Ga tsohuwa kamar Inna, wannan sauƙin yana iya zama sanadin ta samu barci.

Tsohon magini, Garwa:
Maganar Malam gaskiya ce, sai dai zan ƙara abin da hannuna ya taɓa. Farar ƙasa irin wadda ake kawowa daga Figil tana da araha, tana kuma kama siminti da bango, amma a kan kwano ba ta daɗewa, ruwan farko zai wanke ta. Ka kankare tsatsar, ka sa farin fentin mai, sa'annan duk shekara idan ƙurar hunturu ta lafa ka sa yara su wanke shi, domin rufin da ƙura ta rufe amfaninsa yana raguwa.

Duk da haka, ɗana, silin ya fi damuna. Ko zana ce ka ɗaura a ƙarƙashin kwanon, ka bar tazara tsakaninsu, ka huda ƙananan kafofi a saman bango ta ɓangarori biyu, iska mai zafi za ta samu hanyar fita. Da wannan dabara mai zanen gine-gine Francis Kéré ya gina makarantar Gando a Burkina Faso a 2001: ya ɗaga kwano sama, ya sa rufin tubalin ƙasa a ƙarƙashinsa. Mu ma muna da ita a gida. Wanda ya shiga dogayen ɗakunan laka na ƙabilar Musgum a garin Pus ya ga kafar da ke can ƙololuwa. Raina yana ɓaci idan na ga an rushe soron azara an kafa bulo da kwano tsirara.

Wata uwa, Njamena:
Ɗan'uwa, ka duba bangon yamma, shi ne yake shan ranar la'asar ya riƙe ta har tsakar dare. Mun kafa masa rumfar zana, muka dasa darbejiya a gefe, kuma tun kafin itacen ya girma muka ji bambanci. Tagogi a rufe su da hantsi, a buɗe su bayan magariba, a sa musu raga saboda sauro.

Mai tambaya, Garwa:
Allah ya saka da alheri. Ɗakin Inna kuwa yamma yake kallo, ban taɓa lura ba. Zan fara da rumfa da zana a wannan mako, fenti ya jira ƙarshen wata. Baba, tazarar nawa zan bari tsakanin zanar da kwanon?