Mece ce Hausar "dumping"?

1/ Masu fassara labaran tattalin arziki, ku zo mu tsayar da magana a kan "dumping". Yawancinmu "zubar da kaya" muke cewa, mai sauraro kuwa sai ya ɗauka ruɓaɓɓen kaya ne aka rasa bolar da za a kai.

2/ A yarjejeniyar haraji da ciniki tsakanin ƙasashe ta 1947, GATT, wadda Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, WTO, ta gada a 1995, abin da ake nufi shi ne kamfani ya sayar da kayansa a wata ƙasa a farashin da bai kai wanda yake sayarwa a gida ba. Kayan na iya kasancewa lafiya ƙalau. A farashi rigimar take.

3/ An kawo shawarar "jibge kaya". Tana da daɗin faɗa, amma yawa kawai take nunawa. 'Yan Kantin Kwari ma suna jibge kaya gabanin sallah, ba wanda ya kai su ƙara. "Fasa-ƙwauri" kuwa kada ma a kawo ta, kayan "dumping" ta gaban kwastan yake wucewa da takardunsa.

4/ Ni "karyarwa" nake goyon baya. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwa ya san in an ce wane ya karyar da kayansa, to ya sayar ƙasa da kima, kuma maƙwabtansa na rumfa za su ji a jikinsu. Sai mu ƙara mata wuri: "karyarwar ƙetare". Na san za a ce mai karyarwa a wurinmu yawanci matsuwa ce ta sa shi, shi kuwa wancan da gangan yake yi don ya ƙwace kasuwa. Gaskiya ne. Amma dokar ma ba ta tambayar niyya.

5/ Ba ta ma haramta abin ba. Ta dai ba ƙasar da aka shigo wa da kayan damar ɗora ƙarin haraji, in ta yi bincike ta tabbatar da bambancin farashin, da illar da masana'antunta suka sha, da cewa shi ya jawo illar. Aikin lauyoyi da akantoci ne na watanni, mai cin kuɗi. Shi ya sa a nahiyarmu ƙasashe kaɗan irin su Afirka ta Kudu da Masar ne ke amfani da damar sosai, sauran sai kuka a jarida.

6/ Kada mu cakuɗa ta da "tallafi". Da Benin, Burkina Faso, Chadi da Mali suka kai kukan auduga taron WTO na birnin Kankun, ƙasar Meziko, a 2003, kuɗin da gwamnatin Amurka ke ba manomanta suke ƙorafi a kai. Brazil, mai ƙarfin ɗaukar lauyoyi, ta kai ƙarar Amurka gaban WTO, ta yi nasara, kuma a 2014 Amurka ta amince ta biya ta dala miliyan 300 aka rufe magana. Ƙasashen huɗu ba su samu irin wannan ba. Wannan babin tallafi ne, dokarsa daban.

7/ Saura sunan ƙarin harajin. "Harajin hana karyarwa" nake rubutawa yanzu, ko da yake ya ɗan yi tsawo a kanun labari. 'Yan'uwa na Nijar, ya kuke cewa a rediyonku?