Maganin farfaɗiya ba ya kama yarona, wai gado ne?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a sakaya sunana. Muna zaune Mabera, yarona shekararshi 4. Tun yana wata 6 yake jijjiga in zazzaɓi ya kama shi, anka ce in ya girma zai bari, bai bari ba. Anka ɗora shi kan fenobabiton, daga baya anka ƙara Tegretol. Ni dai a ganina tun da anka ƙara shi abin ya ƙaru, balle cikin zafin bazara. Ni da babanshi ɗiyan wa da ƙane muke, to uwar mijina ta ce daga dangin innata ciwon ya fito, wai jininsu ba ya jin magani. Da gaske ana gadon haka? In gado ne, mi amfanin zaryar asibiti?

Wata uwa daga Runjin Sambo: Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah shi ba shi lafiya. Maganar uwar miji ki bar ta inda kika ji ta. In ya faɗi ki kwantar da shi ta gefe, kar a tura mashi cokali a baki, kar a ɗura mashi rubutu yana cikin jijjiga, sai ya farfaɗo.

Mai harhaɗa magunguna: Baiwar Allah, akwai ƙanshin gaskiya a batun gado, amma ba yadda aka gaya maki ba. Cikin masu farfaɗiya 10, wajen 7 suna samun sauƙi da magani, sauran ne ciwon ke gagara. Likitoci ba su cewa ya gagara sai an gwada magani 2 da suka dace da nau'in ciwon, an sha su bisa ƙa'ida, bai tsaya ba.

Inda gado ke shigowa: hanta ce ke sarrafa yawancin magungunan nan, kuma saurin aikinta ya bambanta tsakanin mutane. Ƙwayar gado mai suna CYP2C9, misali, ita ke kula da yadda hanta ke sarrafa fenitoyin, wani maganin farfaɗiya. Mai raunanniyarta maganin kan taru a jininsa har ya riƙa tangaɗi. Akwai kuma ABCB1, mai ƙera wani sinadari da ke koro magani daga ƙwaƙwalwa ya mayar da shi jini. A 2003 wani bincike a Ingila ya danganta ta da rashin jin magani, amma waɗanda suka biyo baya sakamakonsu bai zo ɗaya ba, shi ya sa ba a yanke hukunci da ita.

Abin da na fi gani a kanti kuwa ba gado ba ne. Yaro ya ƙara nauyi, adadin magani na nan yadda aka rubuta bara. Ko kuɗi su yanke a tsallake kwanaki. Ko a saya wajen mai talla, kwalin ya wuni cikin ranar Sakkwato. A fara duba waɗannan.

Ma'aikaciyar jinya a ɓangaren yara: 'Yar'uwa, abu uku na tsinta a bayaninki: ya fara kafin shekara 1, zazzaɓi da zafi na tayar da shi, kuma ya ƙaru bayan Tegretol. Ba zan sa wa yaron da ban gani ba sunan ciwo, amma ki faɗa wa likita waɗannan ukun a jere. Akwai nau'in farfaɗiyar yara da ake kira Dravet, wadda galibi daga canji a ƙwayar gado mai suna SCN1A take, kuma Tegretol da fenitoyin ƙara ta suke yi. A nan ba jini ne ya ƙi magani ba, maganin ne bai dace da ciwon ba, sai a sauya zuwa irin su Epilim.

Ga kuma abin da ya kamata a kai wa uwar mijinki cikin ladabi: mafi yawan masu wannan nau'in ba daga uwa ko uba suka ɗauko shi ba, canjin a jikin yaron ya fara. Auren zumunci kan fito da wasu cututtukan, amma irin waɗannan sai yaro ya samu ƙwayar daga ɓangarorin biyu. Sannan sanƙarau, maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa da doguwar naƙuda duk suna barin tabon da ke wahalar magani, babu ruwan dangin kowa.

Ki nemi a tura ku asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko na ƙwaƙwalwa da ke Kware, ki tambayi batun gwajin EEG, wato na duba aikin ƙwaƙwalwa. In akwai mai waya kusa ya ɗauki bidiyon jijjigar, likita ya fi fahimtarsa a kan labari.

Mai tambaya: Na gode, Allah shi saka. To in dakatar da Tegretol ɗin daga yau?

Ma'aikaciyar jinya: A'a, kar ki soma. Yanke shi farat ɗaya kan jawo jijjigar da ba ta tsayawa, likita ne zai janye shi sannu a hankali. Ki kwashi kwalayen duka ku tafi cikin makon nan. In kuwa jijjiga ta wuce minti 5, ko dare ne a nemi mota.